Farashin tikitin jirgi a tafin hannu: wa ya ci riba, kuma ina Kaduna ta tsaya?

A zamanin da kamfanin jiragen sama na Chanchangi ke da babban ofishinsa a nan Kaduna, mutumin da yake son zuwa Legas ta sama yakan taka da ƙafarsa zuwa ofishin kamfani ko wajen ejan, ko kuma ya wuce filin jirgi kai tsaye da kuɗinsa a aljihu, a faɗa masa farashi ya biya, ba tare da ya san ko wanda zai zauna kusa da shi ya biya fiye da haka ko ƙasa da haka ba. Yau kuwa matashi yana zaune a Unguwar Rimi ko Tudun Wada zai buɗe Google Flights ko Skyscanner ko Wakanow a wayarsa, ya ga jiragen da za su tashi daga Kano zuwa Jidda ko daga Abuja zuwa Landan an jera su daga mafi arha zuwa mafi tsada, har da ranakun da farashi ke sauka a cikin wata. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wannan sauyi shi kaɗai ya isa ya tilasta wa kamfanoni su rage kuɗi. A ganina waɗannan shafuka suna ƙara wa gasa kaifi ne a inda dama akwai ta, amma ba su da ikon haifar da ita a inda babu, kuma mu da muke tashi daga Kaduna muna cikin waɗanda wannan bambanci ya fi shafa.

Kafin a kai ga shafukan, ya kamata a fahimci irin hajar da kamfanin jirgi yake sayarwa. Kujerar jirgi tamkar kwandon tumatir ce a kasuwar Bakin Dogo: idan ba a sayar da ita a kan lokaci ba, ta tashi a banza, domin da zarar an rufe ƙofar jirgi, kujerar da babu kowa a kanta ba za ta sake kawo ko sisi ba a wannan tafiyar. Kuɗin mai da albashin matuƙa da hayar jirgi kusan duk ɗaya ne, ko jirgin ya cika ko ya tashi da rabin fasinja. Saboda haka kamfani yakan raba kujerun aji ɗaya zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa, sannan kwamfuta ta riƙa buɗe wani rukuni tana rufe wani gwargwadon yadda take hasashen cikar jirgin. Duk wanda ya taɓa leƙa allon kwamfutar ejan zai ga layin haruffa da lambobi irin su Y9, M9, Q4, V0. Ma'anarsu ita ce rukuni mai tsada yana da kujeru a wadace, na tsakiya saura huɗu, mafi arha kuwa ya ƙare ko an kulle shi. Wannan ne ma ya sa mutum zai duba farashi da safe, ya dawo bayan la'asar ya tarar ya ƙaru, sai ya yi zargin cewa shafin ya gane shi ne ya ƙara masa. Sau da yawa abin da ya faru shi ne wasu sun saye kujeru huɗun nan, ko kuma shafin ya nuna masa tsohon farashin da ya adana ne tun farko.

Wannan dabara ta bunƙasa ne a Amurka, bayan dokar 1978 da ta cire hannun gwamnati daga ƙayyade farashin tikiti. Wani sabon kamfani mai suna People Express ya fito a 1981 yana sayar da tikiti da arha ƙwarai, har ya fara janye fasinjojin manyan kamfanoni. A watan Janairun 1985 kamfanin American Airlines, a ƙarƙashin Robert Crandall, ya mayar da martani ta hanyar ware wasu kujeru a kowane jirgi yana sayar da su daidai da farashin abokin hamayyar ko ƙasa da shi, amma da sharaɗin a saya tun da wuri, yayin da sauran kujerun ya bar wa 'yan kasuwa masu tafiyar gaggawa a kan farashi mai tsada. People Express ba shi da irin wannan kwamfuta, kuma zuwa 1987 an haɗe shi cikin kamfanin Continental. Abin lura a nan shi ne, tun shekaru da yawa kafin fasinja ya samu na'urar kwatanta farashi, kamfanoni sun riga sun mallaki tasu.

Haka kuma sun daɗe da sanin darajar layin farko. Tsarin Sabre, wanda American Airlines ya gina tare da IBM, shi ne allon da ejan-ejan da yawa a Amurka ke dubawa, kuma an lura cewa yawancinsu ba sa wuce shafin farko idan suna neman jirgi wa fasinja. Sai kamfanonin da suka mallaki irin waɗannan tsare-tsare suka riƙa ɗora jiragensu a sama, na abokan hamayya a ƙasa, har sai da hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta haramta hakan a 1984. Da intanet ta zo, allon ya koma hannun fasinja: Travelocity da Expedia sun fito a 1996, Skyscanner ya fito daga Edinburgh a farkon shekarun 2000, Kayak a 2004, sannan Google ya sayi kamfanin ITA Software a kan dala miliyan 700 ya buɗe Google Flights a 2011. Fasinja ma, kamar ejan, ba ya cika wuce layukan farko, kuma tunda farashi ne ke tsara jerin, bambancin dala biyar zai iya jefa kamfani daga sama zuwa inda ba a ganinsa.

Amfanin wannan ga matafiyi ba abin musu ba ne. A hanyoyin da jirage suke da yawa, kamfani ba ya iya ɓoye farashi mai tsada a bayan sunansa, ƙananan kamfanonin da ba su da kuɗin talla sun samu damar bayyana a gaban mai saye daidai da manya, kuma wanda ba shi da gaggawa ya koyi matsar da tafiyarsa daga Juma'a zuwa Talata. Ejan-ejan ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu, domin manyan kamfanonin Amurka sun fara rage musu kamasho a 1995, suka kuma soke shi a 2002, sannan al'adar ta bazu zuwa sauran ƙasashe.

Amma kamfanonin ba su zauna sun zuba ido ba. Tunda lambar da ke fitowa a allo ita ce ke yanke hukunci, sai suka shiga rage wannan lambar ta hanyar cire abubuwa daga cikin tikitin suna sayar da su daban. A 2008 American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan jakar farko da fasinja zai ba da a saka a cikin jirgi, sauran suka bi sahu. Delta ya ɓullo da wani rukunin tikiti a 2012 wanda mai shi ba ya zaɓen kujera kuma ba ya canza rana, kuma a yau da wuya a samu babban kamfanin da ba shi da irinsa. Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Southwest, wanda ya shekara da shekaru yana ƙin saka farashinsa a shafukan kwatance, yana kuma alfahari da cewa fasinjansa na ɗaukar jaka biyu kyauta. Ya shiga Google Flights a 2024, sai ga shi a 2025 ya soke jakunkunan kyauta ga yawancin fasinjojinsa. Akwai matsin lambar masu hannun jari a cikin lamarin, amma ba a rasa nasaba da cewa a kan allo tikitin da ya haɗa da jaka biyu yana fitowa ne a ƙasan wanda bai haɗa da ko ɗaya ba.

Na ga yadda wannan ke shafar mutanenmu a wani ofishin ejan da ke kan titin Ahmadu Bello, lokacin da na raka gwaggona neman tikitin Umra. Ɗanta ya riga ya gano wani farashi a waya, ya ɗauki hotonsa ya tura mata, ita kuma ta miƙa wa ejan wayar tana cewa abin da ya faɗa mata ya yi yawa. Ejan ya karɓi wayar, ya juya allon kwamfutarsa ya nuna mana layin haruffan nan, ya ce: "Hajiya, wannan da yaronki ya gano gaskiya ne, akwai shi. Amma jaka ɗaya ce, ba a canza rana, ba a mayar da kuɗi, kuma za ki kwana a filin jirgi a hanya. Ke da za ki dawo da tsaraba da dabino, in aka ɗora kayanki a sikeli a Jidda, abin da za ki biya zai wuce bambancin da muke magana a kai." Ya zaro biro ya yi mata lissafin a bayan wata takarda, kuɗin jaka ta biyu a layi ɗaya, tarar canza rana a layi na biyu. Ta yi shiru tana duba lissafin, sannan ta ce a yanka mata mai jaka biyun, amma ya rage mata wani abu a ladansa tunda yanzu ta san farashin ƙasa. Ya rage. A wannan ɗan zaman shafin kwatance ya yi aikinsa, domin ya ba ta bakin yin ciniki, sai dai lambar da ya nuna mata ba ita ce kuɗin tafiyarta ba.

Akwai wata fuska da ba a cika magana a kanta ba, wadda a wurina ta fi batun jaka nauyi. Allon da fasinja ke gani, abokin hamayya ma yana ganinsa, kuma yana ganinsa da sauri fiye da fasinja. A da, kamfanin da ya rage farashi yana iya cin moriyar ragin na ɗan lokaci kafin sauran su farga. Yanzu kwamfutocin sauran suna daidaita nasu cikin sa'o'i ko ƙasa da haka, don haka wanda ya fara ragewa bai samu ƙarin fasinja ba, ya dai rage wa kowa riba. Idan kamfanoni biyu ko uku ne kawai a kan hanya, kowannensu zai fahimci wannan ba tare da an yi taro ba, sai farashi ya tsaya cik a sama. Haka nan wani zai iya gwada ƙari, ya jira ya ga ko sauran za su bi, in ba su bi ba ya janye. A 1992 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta gurfanar da manyan kamfanoni takwas tare da ATPCO, cibiyar da suke wallafa farashinsu a cikinta, bisa zargin cewa suna amfani da sanarwar farashin da zai fara aiki nan gaba wajen yi wa juna ishara. An sasanta shari'ar zuwa 1994 bayan kamfanonin sun amince su daina wannan salon.

Mu ma mun ga makamancin haka. A watan Fabrairun 2022 masu neman tikitin cikin gida suka wayi gari suka tarar mafi ƙarancin farashi ya koma naira 50,000 a shafukan kamfanoni da dama kusan lokaci guda. Kamfanonin sun danganta ƙarin da tsadar man jirgi da ƙarancin dala, waɗanda matsaloli ne na gaske, kuma ƙungiyarsu ta musanta cewa an haɗa baki, yayin da hukumar FCCPC mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye ta ce za ta bincika. Ko da mutum ya karɓi bayanin kamfanonin ɗari bisa ɗari, abin da fasinja ya gani a wannan mako shi ne shafi bayan shafi da lamba iri ɗaya, kuma babu wata manhajar da za ta samo masa arhar da ba a saka a kasuwa ba.

Irin wannan ce ta faru a tafiye-tafiyen ƙasashen waje a 2022 da 2023, lokacin da kuɗaɗen kamfanonin ƙetare suka maƙale a Najeriya saboda rashin dala, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce sun haura dala miliyan 800. Emirates ya dakatar da zuwa gaba ɗaya a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai watan Oktoban 2024. Wasu da suka ci gaba da zuwa sun kulle rukunan kujeru masu arha ga duk wanda zai saya daga cikin Najeriya, suka bar masu tsada kaɗai. A daidai wannan lokaci bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka dakatar da shi, don haka ɗalibi yana iya ganin farashi mai sauƙi a wani shafin ƙetare amma ba shi da hanyar biya. Abin da ya sauya lissafin hanyar Landan shi ne ranar 30 ga Maris 2024, lokacin da Air Peace ya fara tashi daga Legas zuwa Gatwick da tikitin zuwa da dawowa na naira miliyan 1.2. Cikin ɗan lokaci farashin kamfanonin waje ya sauko sosai, har shugaban Air Peace, Allen Onyema, ya fito yana kukan cewa suna karya farashi ne don su kore shi daga hanyar. Gaskiya ne darajar naira ta ɗan farfaɗo a wannan lokacin, babban banki kuma ya biya wani ɓangare na bashin dala, amma shigowar sabon jirgi ita ce ta sa kowa ya motsa. A nan ne shafukan kwatance suka yi tasiri na haƙiƙa, domin sun kai labarin ragin ga kowace waya a rana ɗaya.

To, ina Kaduna a cikin wannan lissafi? Filin jirginmu ya ga cikar da bai taɓa gani ba a makonni shidan da aka rufe na Abuja don gyaran titin saukar jirage, daga 8 ga Maris 2017, lokacin da aka karkato jirage zuwa nan, har Ethiopian Airlines ya riƙa sauka. Bayan harin da aka kai kusa da filin a ƙarshen Maris 2022, da harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga wannan watan, kamfanoni sun dakatar da zuwa, kuma ko da zirga-zirga ta dawo, yawan jiragen bai kai yadda babban birni irin wannan ya cancanta ba. Wanda ya rubuta Kaduna zuwa Legas a shafin kwatance ba ya samun dogon jeri, kuma ɗan abin da ya samu ba lallai ne ya zama cikakke ba, domin kamfanonin cikin gida da yawa sun fi sayarwa ta shafukansu da ofisoshinsu, ba duka ne ke bayyana a manyan shafukan duniya ba. Jerin da ke da layi ɗaya ko biyu ba ya tsorata kowane kamfani.

Kwatancen da mutumin Kaduna ke yi na gaskiya a kansa yake yinsa. Yakan duba farashin tashi daga Kaduna, sannan ya duba na Abuja inda jiragen Legas ke tashi daga safe zuwa dare, ya ɗora masa kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ko kuɗin mota daga tasha, da kuɗin kai shi filin jirgi, da yiwuwar kwana idan jirgin na sassafe ne, da fargabar hanya wadda ba ta da farashi a rubuce. Mai zuwa Saudiyya ko Masar kuma yakan kwatanta Kano da Abuja, ya lissafa tafiyar mota ta Zariya. Kamfanin da ke tashi daga Kaduna ya san wannan lissafin sarai, kuma zai iya ɗora farashinsa daidai inda wahalar zuwa Abuja ta fara yi wa fasinja nauyi. Ma'ana, abokin gasar jirgin Kaduna na farko shi ne titin Abuja da layin dogo, kuma duk ranar da hanyar ta gyaru ta kuma samu tsaro, za ta matsa wa farashin tikiti fiye da yadda kowace manhaja za ta matsa masa. Aikin Hajji kuwa ba ya cikin wannan kasuwa ga yawancin alhazai, tunda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ce ke tantance kamfanonin jigila, kuɗin jirgi kuma yana cikin kuɗin kujera.

Su ma shafukan ba alƙalai ba ne masu aikin sa kai. Wasu suna sayar da tikiti da kansu su ci kamasho, wasu kuma ana biyansu ne idan suka tura mutum zuwa shafin kamfani ko na dillali, kuma manyansu sun taru a hannun 'yan kamfanoni kaɗan: Priceline ya sayi Kayak a 2013, Ctrip na ƙasar Sin ya sayi Skyscanner a 2016. Kamfanonin jirage na ƙoƙarin janyo fasinja ya dawo shafinsu, shi ya sa Lufthansa ya ɗora ƙarin yuro 16 a 2015 a kan duk tikitin da aka yanka ta manyan tsare-tsaren da ejan-ejan ke amfani da su. Sau da yawa kuma farashin da ke saman jeri na wani dillalin ƙetare ne da ba shi da ofis a Najeriya, wanda idan aka soke jirgi, kamfani zai ce a koma wurinsa, shi kuma ba ya ɗaga waya.

Tarayyar Turai ta wajabta tun 2008 cewa farashin da aka tallata ya haɗa da duk haraji da kuɗaɗen da ba makawa sai an biya, Amurka ma ta yi irin wannan doka a 2012, kuma hakan ya rage yaudarar lambar farko ko da bai kawar da ita ba. A wurinmu abin da ya fi ci wa fasinja tuwo a ƙwarya shi ne jinkiri da soke tashi, kuma shi ne abin da babu shi a cikin jerin. Tikitin jirgin da ke tashi a kan lokaci da na wanda ke mayar da tashin ƙarfe goma na safe zuwa bayan isha'i suna fitowa a allo kamar abu ɗaya, sai ma na biyun ya hau sama idan ya fi arha da naira dubu biyu, ta yadda kamfanin da ke kashe kuɗi wajen kiyaye lokaci ba ya samun ladan hakan a wurin mai saye. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya tana tattara alƙaluman jinkiri da soke tashi na kowane kamfani, tana kuma fitar da su lokaci zuwa lokaci. Da za a wajabta wa shafukan da ke sayar da tikiti a Najeriya su saka waɗannan alƙaluma kusa da farashi, tare da kuɗin jaka da sharaɗin mayar da kuɗi, ɗan kasuwar da zai bar Kaduna don ya cim ma taro a Legas zai iya yanke shawarar ko ya hau jirgin nan ko ya kama hanyar Abuja tun da asuba.